Gudun Hae-won a Bakin Kogin Gapcheon

Tun kafin ta kai gada ta biyu numfashin Hae-won ya sarƙe. Ta tsaya ta dafa gwiwoyi, wani tsoho ya zo ya wuce ta da rediyonsa a aljihu yana ta kiɗa. Ta raka ƙeyarsa da harara, ta ja tsaki, ta sake ɗaga ƙafa.

Ita da ko bas ce za ta tsere mata sai dai ta jira ta gaba, yau ita ce da takalmin gudu. Mahaifiyarta ce ta je ta sa sunanta a tseren kilomita goma da ake yi duk kaka a Daejeon don tallafa wa masu ciwon daji, ko shawararta ba ta nema ba. Da Hae-won ta tada jijiyar wuya, tsohuwar cewa kawai ta yi jikin da ya haihu yana son motsi, ita za ta riƙe yaro.

Ba don tausayin kowa Hae-won ta ci gaba ba. Ta gano ne cewa duk takun da ta yi a bakin kogin nan, fuskar ubanta take takawa.

Tak Man-su, tsohon direban bas, mutumin da tana ƙarama in ta ce "Appa", wato Baba, sai ya ajiye duk abin da ke hannunsa. Shi ne ya bar gida tana da tsohon ciki. Ciki na uku ke nan bayan biyu sun zube, likita ya hana ta ko ɗaga tukunya, ya kuma ja kunnen 'yan gida kada wanda ya tada mata hankali. A daidai lokacin uban ya fara canzawa. Giya da tabar da aka yi shekaru ana roƙonsa ya bari, dare ɗaya ya watsar. Tumbi ya zube. Ya aske kai tas, ya sayo hular samari. Waya na yin ƙara sai ya fita baranda ya ja ƙofa.

Ran nan ya shiga wanka ya bar wayar a tebur, ta yi ƙara, Hae-won ta ɗaga. Muryar mace ce, siririya mai laushi: ɗaki ya samu, ya taho ranar Litinin da kayan barcinsa, tana jiransa. Litinin na yi ya ja akwati, wai ya samu aikin gadi a Seoul.

Bai zo haihuwa ba. Bai zo bikin cikar jariri kwana ɗari ba, aka jera wainar shinkafa, dangin mijinta na tambayarsa, ita tana murmushin dole. Ya yi ta kira da wata murya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kada wata ta ji, har ta gaji ta toshe lambarsa.

Wadda ta fi ƙona mata rai ma uwar ce. Ko kalma ɗaya ta ɓatanci ba ta taɓa furtawa a kansa ba. Duk Asabar sai ta dama kunun kabewa ta cika kwano, ta hau jirgin ƙasa, wai ziyarar ƙanwarta.

"Omma, ke dutse ce?" Hae-won ta faɗa wa uwar wata safiya tana ɗaure igiyar takalmi. "Mutum ya bar ki da furfura ya bi wata, ke kina nan kina shanya masa riguna?"

"Na rantse ba zan yi maganar ubanki ba. Ke dai yi gudunki."

"Ni ba ni da uba."

Uwar ta ajiye ludayi, ta shige ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Ƙafa ta yi ƙuraje, gwiwa ta kumbura, farcen babban yatsa ya yi baƙi ya fita. Mijinta ya ce ta haƙura mana, ba dole ba ne. Kallon da ta yi masa ya sa bai ƙara ba.

Ranar tsere ganyaye sun yi jajawur, gari da ɗan sanyi. Kowa ya rubuta sunan nasa majinyacin a bayan riga. Wata ma'aikaciya ta miƙo mata alƙalami tana tambayar don wa za ta yi gudu. Hae-won ta ce ba don kowa ba.

Da aka wuce rabi cinyarta ta ɗaure, har ta fara jan ƙafa. Sai ta kira fuskarsa a ranta, ta shiga jera abin da za ta gaya masa duk ranar da suka haɗu: yaron nan zai girma bai san sunansa ba, ko hotonsa ba zai gani ba. Da wannan ta tsallake layin ƙarshe, bakinta a bushe, ƙirjinta kamar zai tsage.

Uwar ba ta inda suka yi za su haɗu. Hae-won ta yi ta waige-waige har idonta ya faɗa kan rumfar majinyatan da aka kawo daga asibiti, kowa da takunkumi da bargo, ma'aikatan jinya na tsaye a kansu. Ga uwar can bayan wata kujerar guragu, hannunta ba komai. Yaron yana kan cinyar wani tsoho da ya rame ya zama ƙashi, ko gira babu a fuskarsa.

Ba ta san inda ƙarfin ya fito ba, ta ratsa mutane a guje.

"Omma, me ya shiga kanki? Wa ya ce ki miƙa wa baƙo ɗana?"

Ta kai hannu za ta fizge shi. Tsohon ya ƙara rungume yaron, ya sa yatsa ya sauke takunkumin.

"Hae-won-a, bar min shi kaɗan," ya ce. "Appa bai taɓa ɗaukarsa ba."