Kwandon Mala'ika

Pelenise ce ke ɗinka wa Lupe, 'yar gidan yayanta, farar riga duk shekara, kuma ba ta taɓa auna ta ba. Ita ce kuma ke koya wa yara wasan Farar Lahadi, ranar da a garinmu, nan Samoa, yara ke hawa gaban coci, manya su kama bakinsu.

Bana yayanta, Fasto Alapati, ya zaɓi labarin da ya fi so, na bawan Allahn nan mai haƙuri da aka ɗauke wa 'ya'ya goma don gwaji, daga baya aka ba shi wasu goma. Ba wanda ya yi mamaki. Shekarar da teku ta hau gari ta tafi da 'yarsa tilo, ya tura matarsa wani tsibiri wurin Pelenise ta huta, sai ga matar ta dawo da jaririya, Lupe. Tun daga nan ba ya gama wa'azi bai nuna Lupe da yatsa ba, wai ga ladan haƙurinsa.

"Kada ki ƙara ko kalma ɗaya a wasan nan," ya ce wa Pelenise. "Kin san hakimai, kora ce daga gari."

"Na ji, Yaya. Wai da gaske bayan biki za ka tura Lupe ƙasar Niu Zilan?"

"'Yata ce. Ina ruwanki?"

Ran Lahadi coci ya cika maƙil. Wasa ya tafi lafiya lau: tumaki suka mutu, gida ya rushe, mai haƙuri ya yi ta sosa jiki har tsofaffi suka riƙe ciki. Can sai ga mala'ika da fukafukan kwali, ɗauke da kwandon kaba cike da kwakwa, kowace an naɗe ta da zani kamar jaririya. Mai haƙuri ya ƙirga goma, ya ce sun cika, ya gode. Fasto har da share ƙwalla.

Sai Pelenise ta taso daga bayan coci sanye da baƙin zani, ita kaɗai cikin masu fari. Ta tsaya a gaban kwandon.

"Kai mala'ika, a sama ana naƙuda ne?"

Aka fashe da dariya. Ta ci gaba:

"To a wane gida ka kwaso su? Shi an biya shi, mun gani. Uwarsu fa, wa zai biya ta? Ko ita ba a rubuta ta a labarin ba?"

Dariya ta ɗauke. Dattawan dangi suka sunkuyar da kai, matar Fasto ta fice ba takalmi.

Washegari hakimai suka zauna, kuma yayan Pelenise ne ya fara cewa a kore ta. Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Tana jiran mota a bakin hanya sai ga Lupe a guje, ido jajir.

"Goggo, me Baba ya yi miki kika kunyata shi haka? Wallahi ba zan yafe miki ba."

Pelenise ta dai gyara mata wuyan riga.

Da mota ta tashi, Pelenise ta dafe tabon ɗinkin da ke ƙasan cibiyarta, inda likita ya ciro Lupe, jaririyar da Yaya ya rantse mata aronta kawai zai yi har matarsa ta daina kuka.