Yadda Inna Ta Sauke Tukunya

Yayata Dije tana lise, wato sakandare, nan Malanbil, a darasin wasan kwaikwayo aka ba ta rawar matar da mijinta ya nutse cikin kogi. In kukan bai yi ba, malaminsu zai ba wata. Da la'asar tana ta kurma ihu tsakar gida don gwaji, ina dariya, Inna na tsintar shinkafa.

Can Inna ta ce, "Ke Dije, ya isa hakanan. Ranar da aka kawo mani labarin rasuwar babanku ban yi ihu ba. Tukunya na fara saukewa, kar tuwonku ya ƙone."

Dije ta ɗauko tukunya. "Inna, gwada mani."

Inna ta tashi ta gwada mata. Yau na girmi Inna ta ranar nan, har yanzu hannuwanta nake gani.