Ƙanzon Lantana

Tun da gwamnati ta buɗe gidan Ci-Ka-Ƙoshi a kowace unguwa, aka daina hura wuta a gidajen Funtuwa. Tuwo da miyar taushe har da nama, kuɗinsa bai kai na goro ba, wa zai wahalar da kansa?

Sai ga Lantana da tsohon ciki, ta kafe ita ƙanzo take kwaɗayi, in babu gara ta kwana da yunwa. Mahaifiyarta, Inna Kande, ta yafa mayafi ta nufi Ci-Ka-Ƙoshi.

"Mene ne ƙanzo, Inna?" in ji budurwar da ke zuba abinci.

Malam Ɗanlami, tsohon kuku, ya jiyo su, ya kwashe da dariya. "Tukwanen zamani abinci ba ya kamawa, Hajiya. Amma zauna, yau zan ɓata wa gwamnati tukunya."

Ya bar shinkafa ta kama da gangan, ƙauri ya game wurin. Tsofaffi suka watsar da kwanukansu suka yi layi, kowa na roƙon a san masa. Inna Kande ta rungume nata tana cewa, "Na mai ciki ne, jama'a!"

Yara kuwa suka runtuma waje a guje, suna ihun gobara.