Zaɓi Na Biyu

Rabi'u ya zuba gero da dawa da gyaɗa a kan tabarmar ofishin jam'iyya na Zakka, kowanne tsibinsa daban.

"Baba, in ka je kasuwa babu gero, me kake saye?" ya tambayi wani dattijo.

"Dawa mana."

"To, haka nake so a yi zaɓen fidda gwani. Kowane wakili ya faɗi na farkonsa, ya faɗi na biyunsa. In na farkon ya zo ƙarshe, ƙuri'ar ta koma kan na biyun, har wani ya haura rabi."

Wasu suka kalli juna, wasu suka sunkuyar da kai.

Tun faɗuwar damina yake wannan yawo a kan babur, daga Ruma zuwa Safana, duk inda ya ji jam'iyya na taro. Mai sayar da maganin dabbobi ne, manoma da makiyaya duk sun san shi, kuma a da kowa na sakin jiki da shi. Yanzu in ya yi sallama sai hira ta mutu.

Mutum uku ke neman tikitin majalisa. Akwai Malam Almustapha, tsohon shugaban makaranta, da Hajiya Zuwairatu, ma'aikaciyar jinya. Mutanensu kusan ɗaya ne, sai dai sun rabu biyu. Na ukun kuwa, ba a faɗa da ƙarfi, amma kowa ya san mutanen daji ne, wato 'yan bindiga, suka tsayar da shi. Sun aika wa ƙauyukan bakin daji cewa wakilin da ya ƙi shi kada ya sa rai da girbi bana. Shi ma ɗan takarar sun gaya masa, ranar da ya janye, ƙauyensu za a fara ƙonawa. Wakilan bakin daji ba su kai rabi ba, amma sun fi na Malam yawa, sun fi na Hajiya.

Rabi'u ya je ya roƙi Malam Almustapha ya bar wa Hajiya. Malam ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wa ya aiko ka?" Hajiya kuwa ko zaurenta ba a bari ya shiga ba.

Saura hanya ɗaya: a canza yadda ake ƙirga ƙuri'a.

Yana fitowa daga taron Zakka wayarsa ta yi ƙara. Ya san muryar, ta ɗaya daga cikin mutanen daji ce.

"Mun ji kana yawo da hatsi."

"Wayar da kai kawai nake yi."

"To. Mun wuce ta gidanku ɗazu. Inno tana shanyar kuɓewa. Tana gaishe ka."

Inno ita ta haife shi, kuma ta rantse ba za ta bar ƙauyen da aka binne mijinta ba. Ya mayar da wayar aljihu, ya tayar da babur.

Duk da haka ya je babban taron Safana. Ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Shugaban jam'iyya, Alhaji Salmanu, ya cire tabarau ya zuba masa ido.

"Rabi'u, ka san wanda wannan tsari zai kayar?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To abin da ya ɗaure mana kai ke nan."

Mutanen Malam suka ce tarko ne. Mutanen Hajiya suka ce tunda daga bakinsa ya fito, ba su yarda ba. A kan wannan kaɗai bakinsu ya zo ɗaya. Aka watsar da shawarar.

Ranar zaɓe kowane wakili ya jefa ƙuri'a guda, kamar yadda aka saba. Rabi'u ya zauna a benci yana jan carbi, yana roƙon Allah ko mutum kaɗan su sauya ra'ayi. Aka juye akwati, aka ƙirga. Malam da Hajiya suka raba mafi yawan ƙuri'u a tsakaninsu, na ukun ya wuce su da ɗan kaɗan.

Babu wanda ya yi tafi. Alhaji Salmanu ya sauko daga kan dandamali, ya ratsa mutane har bencin, ya kama hannun Rabi'u ya ɗaga sama ya ce, "Ga ɗan takararmu."