Sauran Alluran Ya'u

"Miƙo hannunka in gani," Atika ta ce wa mijinta ta tsakanin ƙarafen ɗakin ziyara.

Ya'u ya miƙo. Duk damtsen tabon allura ne. Tun ranar da aka yi faɗa a ƙofar masana'antar fatar da yake aiki a Challawa yake gidan yari, yana jiran shari'a.

"Wasu likitoci ne suke gwada sabon magani. Sun ce ba dole."

"To me ya kai ka?"

Ya saci kallon gandiroban da ke bayansa. "Wanda ya yarda shi ake ba katifa." Ya rage murya. "Da ni da Ashafa, maƙwabcin shimfiɗata, muka fara. An binne shi, Atika, amma har yanzu ina jin tarinsa a gefena."

Washegari ta yi sammakon kotu, ta durƙusa gaban magatakarda. "Malam, ku taimaka a sa ranar shari'ar Ya'u na Panshekara."

Ya dube ta da mamaki. "Baiwar Allah, ai tun kafin azumi alƙali ya sallame shi."

Ta tari adaidaita sahu, tana kuka tana hamdala har ƙofar gidan yarin.

"Ranka ya daɗe, an sallami mijina! Ashe labari bai iso muku ba!"

Gandiroban da ke ƙofar bai ko ɗago kai ba.

"Ya iso. Likita ne ya ce a bari ya ƙarasa alluransa."