Ƙarfen Ƙarshe na Tashar Ƙirya

Sabon jirgin ba shi da direba, kuma ya san ƙarfensa. Doka ta ce ba zai tsaya a garin da ya kwashe tsohon layin dogo ba sai an mayar da komai. Mutanen Ƙirya sun rushe rumfuna, sun tattaro garemani, duk abin da aka yi da ƙarfen layin sun mayar. Amma kullum jirgin sai ya rage gudu kamar mai leƙen fuskoki, sannan ya wuce, tumatirinsu na ruɓewa a tasha.

Dagaci ya sami tsoho Jatau a gindin bishiya.

"Baba, saura ƙarfe ɗaya. An ce yana wurinka."

Jatau ya tuna mahaifinsa, mai gadin layin, wanda iyayen mutanen garin suka yi wa dukan ajali ranar da suka zo kwasa. Ko itacen rufe kabari ba wanda ya kawo. Guntayen wani ƙarfen layin da suka yar Jatau ya jera masa a kabarin.

"Yana maƙabarta, ranka ya daɗe," in ji Jatau. "Ku je ku tone shi. Ku gaisa."