Rabin Jikina Naki Ne

Malaminmu na kimiyya yana cikin zana DNA, wato saƙon halitta, a allo, igiya biyu murɗe da juna, sai ya ce, "Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya saƙon halittarsu iri ɗaya ne. Gwajin da aka saba yi ba ya bambanta su."

Ban jira an tashi ba. Na nufi shagon ɗinkin Inna, wadda suke tagwaye da mahaifiyata. Tun rasuwar Umma na ƙaurace mata, don ba na iya kallon fuskarta.

Na same ta a kan keke, allura a baki. Ta ɗago, ga goshin Umma, ga wushiryar Umma.

"'Yar nan, yau an tuna da mu?"

Na zauna a ƙasa cikin ƙyallaye na zayyana mata komai. "Inna, rabin jikina naki ne. Da za a gwada mu, cewa za a yi ke kika haife ni."

Ta ajiye allurar, ta jawo kaina kan cinyarta. Na rufe ido ina jira. Hannun iri ɗaya, ɗumin iri ɗaya, amma Umma sai ta murɗa min kunne cikin wasa kafin ta shafa kaina. Inna shafawa kawai take yi.

Hawayenta ya ɗiga a wuyana. "Ni ma tun da ta tafi nake tsayawa gaban madubi ina nemanta," in ji ta. "Ba ta taɓa fitowa ba."